Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina, da Mafarin Aikin Watsa Labarai da Hausa

Gabatarwa

Wanda duk ya tashi daga tsakiyar Kaduna, ya haye gada ya nufi kudu, kafin ya isa Sabon Tasha zai ji yaran mota suna kiran sunan wata unguwa da ake ce wa Talabijin. In kuwa ya juyo ya koma arewacin kogi, zai tarar da wani babban titi mai suna Isa Kaita. Mutane suna ambaton sunayen nan biyu dare da rana, amma kaɗan ne daga cikinsu suka san akwai zaren da ya haɗa su. Zaren kuwa shi ne, mai wannan suna yana cikin Hausawan farko da suka ci albashi da muryarsu a gidan watsa labarai, sa'an nan yana cikin majalisar ministocin da ta kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna.

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a kawo tarihin rayuwarsa a taƙaice, a kuma duba abin da rayuwar ta nuna game da wannan sana'a da ladan masu yin ta. Maganar ta shafe mu ƙwarai, domin kowa ya san yawancin ɗaliban Sashen Hausa, in ba aji suka shiga da alli ba, to gidan rediyo ko na talabijin suke sa wa ido. Ya kamata mai niyyar shiga gida ya san wanda ya haƙa harsashinsa.

Asalinsa da Karatunsa

An haifi Malam Isa a Katsina cikin watan Janairu na shekarar 1912, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Mahaifinsa shi ne Malam Haruna, Wazirin Katsina. Watau ke nan ya buɗe ido a gidan sarauta da malanta, a lokacin da mulkin Turawa bai cika shekara 10 da kafuwa a ƙasar Hausa ba. Kaita kuwa gari ne a ƙasar Katsina, da shi aka san gidansu, kamar yadda aka saba laƙaba wa 'yan makarantar wancan zamani sunan gari.

Bayan karatun farko ya shiga Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922 don horar da malaman makaranta. Ita ce aka mayar Kaduna a 1938, daga baya aka kai ta Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa. A shekarun da ya yi can ya zauna da samarin da suka zo suka riƙe ragamar ƙasa, irin su Ahmadu Raba, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Abubakar Imam. Kwalejin ta yi suna wajen horar da harshe, don malamanta ba su yarda yaro ya tauna Turanci ba, sai ya furta kowane harafi daidai. Wannan horo ne ya fito a bakin Tafawa Ɓalewa har aka riƙa kwatanta muryarsa da zinariya, shi ne kuma jarin da Malam Isa ya fita da shi.

Ya gama a 1932, aka tura shi koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, inda Abubakar Imam shi ma ya koyar. Shekara tara ya yi yana wannan aiki. Abin lura a nan shi ne, ɗakin malamai guda ya ba ƙasar Hausa mutum biyu da suka buɗe ƙofa biyu. Imam ya tafi Zariya ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a watan Janairu na 1939, Isa kuwa ya nufi gidan rediyo. Ɗaya ya kama alƙalami, ɗaya ya kama murya, dukansu kuma daga aji suka fito.

Zamansa a Ankara

A 1941 yaƙin Hitila ya yi tsanani. Faransa ta faɗi hannun Jamus tun cikin Yunin 1940, ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma, har da Nijar, suna ƙarƙashin gwamnatin da ta yi wa Jamus mubaya'a. Ingila kuwa tana ɗibar soja daga Nijeriya da Gwalkwas, watau ƙasar Gana ta yanzu, ta kai su yaƙin Habasha, daga baya ta kai su Bama. Hausa ita ce harshen bariki, ita ce kuma harshen zango-zangon da fataken goro suka kafa a Kumasi da Ankara da sauran garuruwan Gwalkwas. Saboda haka duk mai son ya yi magana da soja da iyalinsa, da talakawan ƙetaren iyaka, ba shi da hanya sai Hausa.

A Ankara akwai tashar rediyo mai suna ZOY, wadda Gwamna Hodson ya buɗe a 1935. Da fari aikinta shi ne ta kamo shirye-shiryen BBC ta tura su ta waya zuwa akwatunan da aka kafa a gidaje. Da yaƙi ya zo sai aka gina mata sabon gida, aka ƙara mata ƙarfi, ta shiga watsa labarai da harsunan ƙasa. Nan ne aka kai Malam Isa Kaita tare da Malam Bello Dandago na Kano, suka zama masu ba da labarin yaƙi da Hausa daga 1941 zuwa 1944.

Kada mai karatu ya ɗauka aikin karanta takarda ne kurum. Labari yakan zo da Turanci, cike da sunayen ƙasashe da makamai waɗanda Bahaushe bai taɓa gani ba, kamar jirgin da ke tafiya ƙarƙashin ruwa da motar yaƙi mai sulke. Tilas mai fassara ya samo musu suna nan take, ya zuba su cikin jimlar da kunne zai kama da ji ɗaya, domin mai saurare ba shi da damar komawa baya kamar mai karanta jarida. Ga kuma bambancin karin harshe, don Bakatsine da Bakano da Basakkwace da ɗan zango duk suna gaban akwati guda. Hausar rediyo da muke nazari yanzu a darasin fassara, a irin waɗannan ɗakuna ta fara tsayawa da ƙafafunta.

Albashi da Kyauta

A nan ya kamata mu dakata mu dubi wani abu. Tun kafin zuwan Turawa ƙasar Hausa tana da ma'aikatan murya. Akwai sanƙira, akwai mai shela, akwai maroƙa da makaɗan fada. Waɗannan sana'o'i ne masu asali da gwaninta, amma abincin masu yin su yana hannun ubangida ne. Kyauta suke samu, riga ko doki ko kuɗi, gwargwadon yadda maganarsu ta faranta ran mai bayarwa. Ɗan waziri kuwa, bisa al'ada, shi ake yi wa shela, ba ya yi wa wani.

To, ga ɗan waziri ya zauna gaban na'ura yana sanar da jama'a labari. Abin da ya sa wannan ya yiwu ba tare da zubar da girma ba shi ne albashi. Mai albashi ya san abin da zai karɓa a ƙarshen wata, ko labarin ya yi wa mai saurare daɗi ko bai yi ba, ba ya kuma jiran hannun wanda ya ambata. Wannan ne ya raba sabuwar sana'a da tsohuwa, ya sa ta zama aikin malamai.

Amma fa ba a ce albashi ya 'yanta murya gaba ɗaya ba. Gwamnatin mulkin mallaka ce ke biya, labarin yaƙi kuma ta ɓangarenta ake ba da shi, bayan an tace. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tun daga ranar farko, ke nan, ma'aikacin gidan watsa labarai na gwamnati yake tsakanin abu biyu, haƙƙin mai biyansa da haƙƙin mai sauraronsa.

Komawarsa Gida

A 1944, shekarar da Sarki Dikko ya rasu aka naɗa ɗansa Usman Nagogo, Malam Isa ya bar Ankara ya komo Katsina, ya zama sakataren Sarki, yana aiki da En'e. Shekara uku kacal ya yi a gidan rediyo. In muka dubi yadda abubuwa suke a lokacin, sai mu ga sana'ar ba ta da tsani. Nijeriya ba ta da ma'aikatar watsa labarai ta kanta, sai akwatunan waya da aka fara sawa a Ikko a 1935, aka kai Kano a 1944. Sai a 1951 aka kafa ma'aikatar, Bature daga BBC yana shugabanta, ta zama hukuma a 1957. Sashen Hausa na BBC ma sai ran 13 ga Maris na 1957 ya fara magana. Saboda haka mai karanta labarai na 1944, komai gwanintarsa, ba shi da matakin da zai taka na gaba. En'e kuwa tana da matakai, daga malanta har zuwa majalisar Sarki. Abokin aikinsa Bello Dandago shi ma daga bisani sarauta da siyasa ya shiga, ya zama Sarkin Dawaki Mai Tuta a Kano.

A 1948 Malam Isa ya tafi Ingila, ya yi kwas na sha'anin mulki a Exeter. Da dawowarsa sai iskar siyasa ta kaɗa. Jam'iyyar Mutanen Arewa, NPC, ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, yana cikin manyanta na farko, ya kuma riƙe mata muƙamin sakataren kuɗi. A wannan shekara aka zaɓe shi ɗan Majalisar Dokoki ta Jihar Arewa a Kaduna.

Minista a Kaduna

A 1954, sa'ad da Sardauna ya zama Firimiya, Alhaji Isa ya gaje shi a kujerar Ministan Ayyuka. Daga nan ya riƙe Ma'aikatar Albarkatun Ƙasa, sa'an nan a 1957 aka ba shi Ma'aikatar Ilmi, wadda ya riƙe har ƙarshen Jamhuriya ta Farko. A nan ne sunansa ya fi fitowa. Babban abin da ke gaban gwamnatin Arewa a lokacin shi ne ta sami 'yan ƙasa masu ilmi da za su karɓi ayyuka daga hannun Turawa, wannan kuwa ba ya yiwuwa sai da makarantu da malamai. A zamaninsa aka yi Dokar Ilmi ta 1962, aka ƙara makarantun sakandare da na horon malamai, aka kuma buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ran 4 ga Oktoba na 1962.

Cikin waɗannan shekaru ne talabijin ta shigo Nijeriya. Tsarin mulki na 1954 ya ba jihohi ikon kafa gidajen watsa labarai nasu. Jihar Yamma ta riga kowa, ta buɗe tashar Ibadan ran 31 ga Oktoba na 1959, Jihar Gabas ta bi a Inugu a 1960. Gwamnatin Arewa ta kafa kamfaninta, BCNN, tare da kamfanonin Ingila biyu, Granada da EMI, aka fara aiki a Kaduna cikin Maris na 1962. Alhaji Isa yana zaune a majalisar da ta ɗauki wannan nauyi, kuma shi kansa ya taɓa cin abinci da wannan aiki, shekara 20 kafin nan.

Da kafuwar wannan gida sai tsanin da babu shi a 1944 ya samu. Yaro zai iya shiga a matsayin mai fassara ko mai gabatarwa, ya zama mai tsara shiri, ya zama shugaban sashe, har ya kai kujerar manaja. Ga masu ɗaukar hoto, ga injiniyoyi, ga masu wasan kwaikwayo da makaɗa. Makarantun da ma'aikatarsa ta buɗe su ne suka riƙa ba gidan ma'aikata. Daga wannan gari ne kuma daga baya aka san irin su Usman Baba Pategi, mai fitowa a Samanja, da Ƙasimu Yero, waɗanda suka sa wasan kwaikwayon Hausa ya shiga kowane gida mai akwati.

Ran 15 ga Janairu na 1966 soja suka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Ta gidan rediyon Kaduna, wanda gwamnatin Arewa ta gina da kuɗinta, Manjo Nzeogwu ya yi jawabin da ya sanar da faɗuwarta. Ma'aikatan da suka kwana suna yi wa wata gwamnati aiki suka wayi gari da sabon ubangida. A ranar ministancin Alhaji Isa ya ƙare.

Sauran Rayuwarsa

Bayan juyin mulki ya ci gaba da zama a Kaduna, yana cikin hukumomin gudanarwa na wasu kamfanoni. A wajen sarauta ya riƙe Madawakin Katsina, daga baya ya zama Waziri, sarautar mahaifinsa. Yana da sha'awar wasanni, musamman folo, wanda gidan Sarki Dikko ya shahara da shi. Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero sun ba shi digirin girmamawa. A Jamhuriya ta Biyu Shugaba Shehu Shagari ya naɗa shi shugaban Hukumar Kula da Ɗa'ar Ma'aikata, wadda tsarin mulki na 1979 ya tanada don a riƙa sanin abin da masu riƙe da muƙamai suka mallaka. Yana kuma cikin dattawan da suka yi ta fafutukar a ba Katsina jiharta, abin da ya tabbata ran 23 ga Satumba na 1987.

Allah ya ba shi tsawon rai har ya ga irin juyin da sana'arsa ta farko ta yi. Da aka raba Arewa jihohi shida a 1967, gidan Kaduna ya koma hannun hukumar riƙon ƙwarya mai kula da kadarorinsu na tarayya. Hukumar Udoji, wadda ta miƙa rahotonta a 1974, ta zuba ma'aikatan gwamnati cikin tsari guda mai mataki 17, aka kai mafi ƙarancin albashi naira 720 a shekara, aka biya ariyas. Kuɗi suka yawaita a hannun ma'aikata, aka yi ta sayen rediyo da talabijin da babur, farashin kaya kuma ya tashi ya cinye ƙarin. Doka ta 24 ta 1977 ta kafa hukumar NTA, ta tattara dukan tashoshin talabijin a hannun Gwamnatin Tarayya, sa'an nan aka kafa FRCN ta karɓi rediyon Kaduna. Gida ɗaya ya rabu biyu.

Wannan tsari ya ba ma'aikaci kwanciyar hankali, don ya san matakinsa, ya san fanshonsa. Amma ma'aunin da aka yi shi don ofis ne, inda takardar shaida da yawan shekaru ke ɗaga mutum. Ba shi da gurbin auna murya ko iya fassara ko basirar wasa. Sai ya zama hanyar ƙarin girma ga gwanin gabatarwa ita ce ya bar gaban na'ura ya koma bayan tebur. Masu wasa da makaɗan da ba ma'aikatan dindindin ba kuwa, ladan shiri kawai suke karɓa, babu fansho a bayansa.

Daga 1986, da aka shiga shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, albashi ya daina kai mutum ƙarshen wata. A 1988 aka sa NTA da FRCN cikin hukumomin da za su riƙa nemo wani kaso na kuɗin tafiyar da kansu, sai sayar da lokaci ya shigo har cikin labarai. A 1992 aka yi dokar da ta ba 'yan kasuwa izinin buɗe tashoshi. Alhaji Isa Kaita ya rasu a Kaduna cikin watan Nuwamba na 1994, yana da shekara 82. Kwalejin Ilmi ta Dutsin-ma tana ɗauke da sunansa.

Kammalawa

Darasin da wannan rayuwa ta bar mana, a ganina, yana ga bambancin nan na albashi da kyauta. Isasshen albashi ne ya fitar da aikin murya daga zauren ubangida ya mai da shi aikin jama'a. Duk lokacin da albashin ya gaza, ko ya makara, sana'ar takan zame ta koma inda ta fito. Sai ka ga ɗan rahoto ya gama ɗaukar taro yana tsaye yana jiran na goro ko kuɗin mota, labari kuma ya koma kirarin wanda ya bayar. Mai asara a nan shi ne mai saurare, musamman a wuri irin Kaduna. A kasuwar Sabon Tasha za ka sami Bajju da Atyap da Gbagyi da Adara da Ibo da Yarbawa suna ciniki, Hausa tana cikin harsunan da ke haɗa su, kuma labarin da aka karanta da ita yana iya kwantar da gari, yana iya tayar da shi. Murya mai irin wannan nauyi bai kamata a bar ta da yunwa ba.

Abu na biyu shi ne na tsani. Isa Kaita ya ratsa gidan rediyo ne ya wuce, ƙasa kuma ta amfana da shi a inda ya je. Amma sana'ar da kullum gwanayenta ke ratsawa su wuce ba za ta tara dattawan da za su horar da na baya ba. Ya rage ga hukumomi da ƙungiyar ma'aikatan rediyo da talabijin su nemi tsarin da zai bar gwani ya tsufa a gaban na'ura, girmansa da ladansa suna ƙaruwa.

Mu kuwa ɗalibai, abin da ke hannunmu shi ne shiri. Malam Isa ya je Ankara da Hausa tsantsa, da Turanci gogagge, da shekara tara na tsayuwa gaban yara yana bayani har su gane. Wanda ya fita daga wannan sashe da kwatankwacin wannan guzuri yana da bakin da zai nemi haƙƙinsa, yana kuma da abin da zai hana shi sayar da muryarsa da araha. Allah ya jiƙan Wazirin Katsina, ya kyauta namu ƙarshe, amin.